Lissafin Mutuwa Ba Duba Ba Ne

Ya ku 'yan'uwana waɗanda Allah ya fid da ku daga duhun jahilci da girmanku, har ga shi yau kuna riƙe da littafi kuna karantawa da kanku, ina so ku ba ni aron hankalinku, domin zan taɓo wata magana wadda mutanenmu ba su son a taɓa, watau maganar rubuta mamata, da kintacen yawan waɗanda za su mutu a gari cikin shekaru masu zuwa. Na san tun ban rufe baki ba wani zai ce wannan ai duba ne, shiga hurumin Ubangiji ne. To, da shi na ke, shi da masu irin ra'ayinsa, kuma ba zan yi musu kara ba, zama wannan ra'ayi ya riga ya cuce mu ƙwarai.

Abin Da Muka Gani A 2020

Duk wanda ke zaune a Gwammaja cikin watan Afrilu na 2020 ba ya bukatar a ba shi labari. Ga zafin bazara, ga kulle an hana fita saboda annobar korona, ga azumi ya kama, sa'an nan ga makara tana bin makara zuwa wajen Ƙofar Mazugal. Kafin a sallame sallar wannan an kawo wancan, akasarinsu kuwa dattawa. Masu haƙar kabari a maƙabartar Abbatuwa da ta Dandolo suna cikin waɗanda suka fara ɗaga murya, suka ce abin ya wuce yadda suka saba gani. Nan fa gardama ta kaure. Wasu suka ce haka a ke mutuwa kowace bazara. Gwamnatin jiha ta ambaci hawan jini da ciwon sukari da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Wasu kuwa suka ce korona ce tsantsa. Aka kwashe makonni ana ja-in-ja, babu wanda ya ka da wani, domin babu mai littafi a hannu wanda zai buɗe ya ce ga waɗanda muka binne a Afrilun bara, ga na bara waccan, ga kuma na bana.

Sai a watan Yuni Ministan Lafiya na Tarayya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya faɗi sakamakon binciken da aka yi. Ya ce an sami mamata 979 a ƙananan hukumomi 8 na birni da kewaye, ana binne kamar mutum 43 a rana, alhali abin da aka saba 11 ne, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na mamatan korona na da hannu a mutuwarsu. Ta yaya aka gano haka? Ta bin dangi ana tambayarsu, shin marigayi ya yi tari, ya yi zazzaɓi, numfashi ya yi masa wuya? Watau sai da mutum ya yi makonni cikin ƙasa sa'an nan aka zo neman abin da ya kashe shi. Wannan shi ne ihu bayan hari.

Yanzu ku ɗauko fensirinku mu yi ɗan lissafi tare, irin wanda aka koya muku a aji. Mutum 11 a rana, sau kwana 365, ya tashi mutum 4,015 a shekara. Ƙananan hukumomi 8 na birnin Kano kuwa, tun a ƙidayar 2006, mutanensu sun haura miliyan 2 da dubu 800. In ka raba, za ka ga ba a kai mamaci 2 cikin kowane mutum 1,000 a shekara ba. Alhali a ƙasashen Turai, da asibitocinsu da likitocinsu, kusan mutum 10 cikin 1,000 ke mutuwa a shekara. In da haka mu ma mu ke, to, ya kamata a binne fiye da mutum 70 a rana a birnin nan ba tare da wata annoba ba. Ashe ke nan ita kanta 11 ɗin da aka auna annobar da ita ba ta kama yawancin mamatanmu ba. Mudun da muka auna masifar da shi, ɓulalle ne. Laifin wa? Namu ne, mu da mu ke binnewa mu kaɗe riga mu dawo gida ba mu rubuta kome ba.

Shin Duba Ne?

Mai duba shi ne wanda ke zana ƙasa ya ce wane zai mutu ran kaza. Wannan ƙarya ce, kuma saɓo ne, domin babu mahalukin da ya san ranar ajalinsa balle na wani. Mai ƙididdiga bai taɓa cewa ya san wannan ba. Abin da ya ke cewa shi ne, cikin dattawa 1,000 masu shekara 70, in abubuwa suka tafi yadda suka saba, kimanin kaza ba za su ga baɗi ba. Bai san ko su wane ne ba, kuma yakan faɗi iyakar kuskurensa, ya ce abin zai faɗa tsakanin kaza da kaza. Manomi ma in ya dubi gonarsa a watan Satumba yakan ce bana zan sami dami kamar 40, ko da ya ke bai san wane zangarniya tsuntsu zai ci ba. Wa ya taɓa kiransa boka?

Har wa yau, ku dubi yadda addininmu ya kewaye mutuwa da lissafi. Matar mamaci tana ƙirga wata 4 da kwana 10 na takaba. Malamai suna zama da alƙalami su fitar da sumuni da sudusi da sulusi a rabon gado. Sayyadina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, shi ya kafa diwani aka rubuta sunayen jama'a don a san yadda za a raba musu haƙƙinsu. Shi ne kuma, sa'ad da ya nufi Sham aka ba shi labarin annoba ta faɗa can, ya yi shawara ya juya da mutanensa, ya nuna cewa juyawar ma ba ta fita daga ƙaddarar Allah ba. Wanda ya ce tawakkali ya hana shi rubuta mamaci, ya sake dubawa da kyau, watakila kasala ce ta sa rigar tawakkali.

Yadda Ilmin Ya Faro

Kada ku zaci wannan ilmi sai shaihunan jami'a. Wanda ya buɗe ƙofarsa wani ɗan kasuwa ne a birnin Landan mai suna John Graunt. A zamaninsa ana buga takarda kowane mako mai nuna yawan waɗanda aka binne a unguwannin birnin da cutar da ta kashe su. Mutane sukan karanta su jefar. Shi kuwa sai ya tara na shekaru masu yawa ya zauna ya ƙirga, ya fitar da littafi a 1662. Ya gano cewa, in ka ware shekarun annoba, yawan mamata ba ya tsalle barkatai, yana da tsari, har ana iya gane shekarar da ta fita daban. A 1693 wani masani, Edmond Halley, ya ɗauki littafin haihuwa da mutuwa na garin Breslau, wanda yau ke cikin ƙasar Folan, ya tsara jadawali mai nuna cikin jarirai kaza nawa ke kai shekara kaza. A 1825 kuma Benjamin Gompertz ya nuna cewa in mutum ya balaga ya kama ƙarfi, hatsarin mutuwarsa yana hawa kan ƙa'ida. Masu lissafi sun ga daga wajen shekara 30, hatsarin yakan ninka kamar kowace shekara 8.

Daga nan ku fahimci abu guda muhimmi. Faɗin yawan mamata kawai ba ya isa, sai an haɗa da shekarunsu. A ce ga unguwa biyu, kowace da mutum 1,000, wannan ta binne 15 a shekara, waccan ta binne 8. Kada ka yi saurin cewa ta farko ta fi rashin lafiya. Mai yiwuwa tsofaffi ne suka cika ta, waɗanda suka ci zamaninsu, alhali 8 ɗin ta biyu duk yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Wace ce ke bukatar a kai mata agaji da gaggawa? Ba za ka sani ba sai an rubuta shekaru.

Kasuwa Da Ayari

Hanyar kintace da ta fi shahara a zamanin nan ita ce wadda Ronald Lee da Lawrence Carter suka fitar a Amurka a 1992. Bari in kwatanta muku ita da kasuwar hatsi ta Dawanau. Kowane hatsi yana da matsayinsa da aka sani, shinkafa ta fi gero tsada kusan kullum. Sa'an nan kasuwar baki ɗaya takan hau ko ta sauka, shekara bayan shekara. Sa'an nan kuma in ta motsa, ba kowane hatsi ke motsawa daidai ba, wani ya fi wani jin jiki. Haka mutuwa ta ke. Kowane rukunin shekaru yana da matsayinsa, jarirai da tsofaffi su ne a sama. Akwai lamba guda ga kowace shekara mai nuna ko mutuwa gaba ɗaya tana raguwa ko tana ƙaruwa. Akwai kuma gwargwadon yadda kowane rukuni ke bin wannan lamba, domin in aka samu rigakafi da ruwa mai tsabta, mutuwar yara ta fi ta tsofaffi saurin faɗuwa. In ka san yadda lambar nan ta tafi cikin shekaru da yawa da suka wuce, sai ka miƙa layinta gaba, ka sami kintacen baɗi da na shekaru masu zuwa.

Amma da aka shiga amfani da hanyar sai aka ga wani aibi. In ka yi wa maza nasu lissafin daban, mata nasu daban, ko ka yi wa ƙasashe biyu maƙwabta kowace ita kaɗai, to, da ka miƙa layukan nesa sai su yi ta rabuwa har su ba da abin da hankali ba zai ɗauka ba, kamar a ce mutanen ƙasashen nan biyu, masu cin abinci iri ɗaya da shan magani iri ɗaya, tsakaninsu zai yi ta buɗewa ba iyaka. Don gyara wannan, a 2005 Nan Li da shi Ronald Lee suka kawo dabarar haɗa jama'u da yawa a lissafi guda, suka gwada ta kan maza da mata, da kuma kan ƙasashe 15.

Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro za su fi kowa gane wannan dabara. Ayari yana tafiya ƙarƙashin madugu, kowane falke da jakunansa. Wani yakan yi gaba kaɗan, wani ya yi baya saboda jakinsa ya gurgunce, amma zango ɗaya za su sauka. In kana so ka san inda falke guda zai kwana jibi, ka fara tambayar inda ayarin ya dosa, sa'an nan ka dubi ko shi mai saurin tafiya ne ko mai nawa. Haka a ke yi. A fitar da tafiyar ayarin gaba ɗaya, a fitar da ratar kowace jama'a daga ayarin, a kuma ɗauka cewa ratar nan ba za ta yi ta faɗaɗa har abada ba. Amfanin wannan ga ƙaramar jama'a babba ne. Unguwa kamar Gwammaja, mamatanta na shekara guda ba su isa a gina kintace a kansu kaɗai ba, domin hatsarin mota ɗaya yana iya karkatar da lissafin. Amma in aka haɗa ta da sauran unguwannin Dala da Gwale da Fagge, sa'an nan aka dubi Katsina da Zariya da Maraɗi, sai kowace ta ƙarfafa 'yar'uwarta.

Kayan Aro

To, ga inda gizo ke saƙa. Dabarar nan tana da kyau in an sa ka cikin ayarinku. In aka ɗaura ka a ayarin da ba hanyarku ɗaya ba, za a neme ka a zangon da ba ka taɓa nufa ba. An ga haka a duniya. A shekarun 1990 cutar ƙanjamau ta sa tsawon rai ya faɗi ƙwarai a Botswana da Zimbabwe da Afirka ta Kudu, alhali yawancin duniya yana hawa. Wanda ya yi musu kintace da tafiyar wasu, ya yi kuskure mai girma.

Mu kuwa a wane ayari aka sa mu? Tun da ba mu da littafin mamata, masana sun daɗe suna cike giɓin da aro. A 1966 Ansley Coale da Paul Demeny suka tsara jadawalai na misali domin ƙasashen da ba su da rubutu, suka kasa su gida huɗu, Arewa da Kudu da Gabas da Yamma, akasarinsu daga littattafan ƙasashen Turai aka ciro su. Wanda a ke kira Arewa an sha amfani da shi ga ƙasashen Afirka, domin yana nuna yawan mutuwar yara bayan yaye. Amma kada sunan ya ruɗe ku. Ba Arewarmu ba ce, Arewar Turai ce, su Suwidin da Norwe, ƙasashen ƙanƙara inda ba a san sanƙarau na bazara irin namu ba. Ban zargi masanan ba, sun yi iyakar ƙoƙarinsu da abin da suka samu, kuma tun daga lokacin an gyara hanyoyin da yawa. Sai dai Bahaushe ya riga ya faɗa, kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da muka sani na gaskiya game da kanmu, yawancinsa daga binciken da a kan yi bayan 'yan shekaru ne, inda a kan zaɓi wasu gidaje a tambayi mata 'ya'ya nawa suka haifa, nawa suka rasu. Binciken 2018 ya nuna a Nijeriya yara 132 cikin 1,000 ke rasuwa kafin shekara 5. Amma da aka rarraba, Arewa maso Yamma 187 ne, Kudu maso Yamma kuwa 62. Ka ga ke nan 132 ɗin nan ba na Kano ba ne, ba kuma na Ibadan ba. Wanda ya yi mana tanadin magani da lissafin ƙasa baki ɗaya, ya ɗinka mana rigar da ba ta kai gwiwa ba. In haka ya ke tsakanin shiyya da shiyya, wa ya san bambancin da ke tsakanin lungunan cikin ganuwa da unguwannin masu hali? Mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo, amma in bai faɗa ba, magini zai yaɓe inda ya ga dama.

Sauran Hanzari

Wani zai ce mu Musulmi ba mu kwana da gawa, ina lokacin takarda? Babu wanda ya ce a jinkirta jana'iza. A yi sutura nan take yadda Sunna ta koyar. Amma ai muna zaman makoki kwana uku, muna samun lokacin kai sanarwa gidan rediyo, muna samun lokacin rabon sadaka. Cikin kwana ukun nan an rasa ɗan lokacin rubuta layi ɗaya?

Wani kuma zai ce duk rubutun da hukuma ke so, haraji ne a bayansa. Wannan tsoro yana da asali, domin iyayenmu sun ga zamanin da a ke ƙirga kawunan maza don haraji, a ƙirga shanu don jangali. Amma gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano tun 1979, abin da Malam Aminu Kano, wanda gidansa na Mambayya ke nan cikin Gwammaja, ya daɗe yana fafutuka a kai. Kuma wane haraji za a ɗora wa wanda ke kwance a kabari? Abin kunya ne a ce mun yi ta faɗa kan yawan rayayyu, har aka soke ƙidayar 1973 saboda rigima, don kowa na son kasonsa ya yi tsoka, amma mamata, waɗanda lissafinsu ne zai nuna inda cuta ke cinmu, babu mai waiwayarsu. Doka ta 1992 ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa, ta ɗora aikin a wuyan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, duk da haka an ƙiyasta kamar mutuwa ɗaya ce cikin goma a ke rubutawa.

Su ma ma'aikata da masana ina da magana da su. In kun karɓi lissafi daga unguwa, ku mayar mata da sakamakonsa cikin Hausa, a karanta a ƙofar mai unguwa. In kun yi mana kintace, ku faɗa mana a fili da wane ayari kuka haɗa mu, da kuma wanne ne ƙirge wanne ne cike giɓi. Wanda ke ba da labari bai taɓa ganin amfaninsa ba, wata rana zai gaji.

Aikin Da Ke Gabanku

Ku da kuka iya alƙalami, ga aikin da ya fi ƙarfin shaihunan jami'a amma bai fi ƙarfinku ba. Kowace unguwa ta sami littafi guda, a hannun mai unguwa ko liman, da mutum guda mai riƙe da shi. In an yi rasuwa a rubuta ranar, da namiji ne ko mace, da shekarunsa, da irin ciwon da ya yi da kwana nawa ya ɗauka, da ko a gida ya cika ko a asibiti. In ba a san shekaru ba, a tambayi tsofaffi da abin da ya faru a shekarar haihuwarsa, ko zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, ko naɗin Sarki Ado Bayero a 1963, ko fitowar naira a 1973, ko rasuwar Malam Aminu a 1983. In mace ce, a rubuta ko tana da ciki ko tana cikin arba'in na jego. Jaririn da ya koma kafin suna, shi ma a rubuta shi, domin irinsa ne aka fi mantawa, alhali lissafinsu shi ke nuna ko ungozoma da asibitin haihuwa suna aiki. Sa'an nan a kai labarin ofishin rajista a karɓo takardar shaida.

In muka yi haka shekara biyar ba fashi, ranar da wata annoba ta sake leƙowa, kamar sanƙarau na 1996 wanda ya kashe dubban mutane a Arewa, ba sai mai haƙar kabari ya yi rantsuwa kafin a yarda da shi ba. Za a buɗe littafi a ga an saba binne kaza a mako, wannan makon an ninka, sai a tashi tun wuta ba ta ci ɗaki ba. Ajali na hannun Allah, babu mai ƙara masa ko rage masa. Amma rubutu na hannunmu, kuma don irin wannan rana aka koya mana shi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu cika da imani, amin.